Safiyar da Iorchia Bai Amsa Ba

Alhaji Lawal Bafulatani ne, amma bai taɓa mallakar saniya ba. Kakansa ne ya zo Lafia daga Zariya, ubansa tela ne, shi kuma takin zamani da maganin feshi yake sayarwa a bakin kasuwa. Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma idan aka zurfafa sai ya koma Hausa. Amma duk safiyar Allah, idan ya fito zai je buɗe shago, sai ya tsaya a ƙofar gidan Iorchia, dillalin doya, ya nemi saniyarsa.

Wasan ya girme su su biyun. Tsakanin Fulani da Tibi akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma kowa a yankin ya san tushensa: wai Bafulatani ya ba mutumin Tibi ajiyar saniya, da ya dawo aka ce masa an cinye. Tun daga nan mai saniya yake tambaya, wanda ya ci yake kare kansa, kowa ya yi dariya ya kama gabansa. Ƙa'ida ɗaya ce a ciki, mai saniya ne yake fara magana. Wanda ya ci ba ya tayar da zancen.

"Kai ɗan Tibi, ɓarawon saniya!" Lawal zai kwaɗa daga bakin layi. "Ina saniyata?"

"Saniyanka ya shiga miya tun jiya," Iorchia zai amsa daga baranda da Hausarsa ta kasuwa. "Ka zo ka ɗauki ƙaho, na ajiye maka."

Abin alfaharin Iorchia shi ne ba ya maimaita amsa. Wata rana matarsa Ursula ce ta dafa ta da agushi. Wata rana saniyar ta tafi Makurdi karatu. Akwai ranar da ya ce ta shiga coci, yanzu tana cikin mawaƙa, sai bayan Ista za a sallame ta. Ranar Lawal ya yi dariya har hularsa ta faɗi a kwata. Sun fara wannan tun suna da baƙin gashi, tun layin nasu na Tudun Kauri gidajen ƙasa ne. Ba su taɓa zama sun ce wa juna kai aminina ne ba, maza irinsu ba sa faɗin haka. Saniyar da babu ita ce take faɗa musu kowace safiya.

Sai aka kashe Terfa, ɗan wan Iorchia, a gonarsa can bayan garin Obi. Ba a kama kowa ba, amma mutane sun riga sun yanke a ransu cewa Fulani makiyaya ne. Lawal ya zo ta'aziyya ya zauna a ƙarƙashin rumfa, shi kaɗai mai dogon kaftani da hula a cikin dangi, samari suna kallonsa ta gefen ido. Ya yi gaisuwarsa yadda ya kamata, ya daɗe bai tashi ba. Daga ranar, idan ya zo wucewa da safe, sai ya ce, "Ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?" Iorchia ya ce, "Lafiya lau, mun gode." Dukansu sun san an ajiye wani abu a gefe, kuma dukansu suna so a ɗauko shi. Lawal yana jiran lokacin da ya dace. Iorchia yana jiran Lawal, har ya tara amsoshi a kansa, wasu ma yana murmushi shi kaɗai idan ya tuna su.

Ana cikin haka Lawal ya tafi Kano ɗauko kaya, ya kuma tsaya a can aka yi masa aikin ido. Bayansa ne jiri ya ɗebi Iorchia a kasuwar doya, ya zube a kan tarin doya. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi, aka hana shi gishiri da yawan tunani. Gishirin dai Ursula ta iya masa. Tunanin ne ya sa 'yarsu Doose ta taho daga Abuja, inda take aiki, da nata maganin.

Ta faɗi sunan abin da Turanci, uban bai riƙe ba. A gidan sai aka sa masa suna zaman shiru. Ta zaunar da shi a kujera a falo, ta gyara masa baya, ta ɗora hannayensa a kan gwiwa. Da Tibi suke magana, yadda suka saba a gida.

"Baba, ka rufe ido. Ka ji iska tana shiga hancinka, ka ji tana fita. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Idan tunani ya zo, kada ka bi shi, kada ka yi faɗa da shi. Ka dawo wurin numfashi."

"Numfashin da nake yi tun kafin a haifi uwarki, shi za ki koya mini?"

Ya rufe idon dai, don ba ya son a ce ya ƙi magani. Iska ta shiga, ta fita. Ta sake shiga, kafin ta fita Iorchia yana gonarsa ta Agyaragu yana lissafin irin doyar da ya rage. Ya dawo. Ya tafi kan kwanon ɗakin baya da yake yoyo. Ya dawo. Ya tafi kan wani direba da ya yi masa rashin kunya shekarun baya, ya sake yin faɗan daga farko, wannan karon ya yi nasara. Daga nan sai ga Terfa, yana yaro, yana bin sa gona da ƙaramar fartanya da ta fi shi tsawo. Ya ji baƙin ciki sabo fil kamar jiya aka yi. Bai san lokacin da ya bar wannan ya shiga barci ba. Minsharinsa ne ya fito da Ursula daga kicin da ludayi a hannu.

"In wannan ne maganin," in ji ta, "ai ya daɗe yana sha a coci lokacin wa'azi."

Doose ba ta karaya ba. Ta ce masu farawa da yawa haka suke yi. Maganin barci shi ne ya bar idonsa a buɗe, ya sauke shi ƙasa, ya kalli wuri ɗaya a gabansa ba tare da ya ƙura ba. Ya kuma bar falo mai zafi ya koma baranda da sassafe, lokacin da iska take da sanyi. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Ta saita masa waya yadda za ta yi ƙara idan zaman ya cika, ta nuna masa inda zai danna.

Barci ya tafi, sai wata matsalar ta fito. Barandar Iorchia tana kallon layi, a tsallake kuma akwai famfon burtsatse inda mata suke taruwa, gaba kaɗan 'yan acaɓa suna jiran fasinja. Iorchia mutum ne da bakinsa yake amsa gaisuwa kafin kunnensa ya gama ji. Yana zaune yana bin numfashi, wata za ta ce, "Baba, ina kwana," sai ka ji ya ce lafiya, ya yara, ya mai gida, ƙafar tasa ta warke? Akuya ta doshi shanyar Ursula, ya daka mata tsawa. Har gaisuwar da aka yi wa maƙwabci yakan amsa.

"Baba," Doose ta ce masa ranar da za ta koma, "ba haka ake yi ba. Duk abin da ka ji, ka ce a ranka, na ji, ka koma numfashi. Ko wa ya kira ka zai jira. Sai wayar ta yi ƙara."

"Ko wa?"

"Ko wa, Baba. Ɗan lokaci ne, duniya ba za ta tashi ba."

A inda Doose take zaune a Abuja, mutum yakan shekara bai san sunan wanda suke raba bango ba, don haka ba za a ga laifinta sosai ba. Ta hau mota ta tafi, ta bar uban da doka. Kullum da yamma takan bugo ta tambaya ko ya kai ƙarshe bai yi magana ba, kullum ya ce saura kaɗan. Abin ya fara ba shi haushi. Mutumin da ya yi noma, ya yi dillanci, ya aurar da 'ya'ya, a ce zama ba a yin komai ya gagare shi. Wata safiya da Ursula ta tafi sujadar safe a coci, ya jawo kujerarsa, ya danna waya, ya rantse a ransa cewa yau ko bishop ne ya zo sai dai ya jira.

Lawal ya dawo daga Kano da yammacin jiya. Tun a mota ya ji labarin faɗuwar Iorchia, kuma tun a mota ya yanke shawara cewa lokaci ya yi. An yi makoki, an share hawaye, mutum kuma yana jinya, babu abin da zai fi masa amfani irin dariya. Duk da haka gabansa yana ɗan faɗuwa da ya shigo layin. Ya hango abokinsa a baranda, zaune, ido buɗe. Ya gyara murya, ya sako ta da ƙarfi yadda ya saba a da, don kada a ji rawar da ke cikinta.

"Kai ɗan Tibi, ɓarawon saniya! Ina saniyata?"

Iorchia ya ji. Daɗi ya cika shi tun daga ciki, dariya ta taso ta tsaya masa a maƙogwaro, amsoshin da ya tara suka yi cunkoso a bakinsa kowace tana so ta riga fita. Sai ya tuna rantsuwarsa. Ga jarrabawa ta zo, babbar ma, wadda ta fi ta bishop. Ya ce a ransa, na ji. Ya koma wurin iskar da take shiga hancinsa.

Lawal ya ɗauka bai ji ba ne. Ya matso har bakin kwata, ya maimaita, ya haɗa da dariya. Dariyar ta fita ita kaɗai, ba ta sami abokiya ba. Iorchia yana nan yadda yake, baya a miƙe, hannu a gwiwa, fuska ba yabo ba fallasa, idonsa a ƙasa daidai inda takalman Lawal suka tsaya.

A bakin famfo an daina bugawa. Matan da suke layi, yawancinsu sun je jana'izar Terfa, suka yi tsit da robobinsu a hannu. Wani ɗan acaɓa ya kashe mashin.

"Iorchia?" Lawal ya ce, wannan karon a hankali.

Na ji, in ji Iorchia a ransa. Iska ta shiga, iska ta fita.

Lawal ya ɗan tsaya. Ya dubi matan, suka kawar da kai. Ya taɓa hularsa kamar zai gyara ta, alhali a daidai take. Sannan ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya juya ya nufi kasuwa, yana tafiya da sauri fiye da yadda mai sabon aikin ido ya kamata ya yi.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Iorchia ya miƙe yana murmushi, nan take ya kira Doose ya gaya mata yau ya kai ƙarshe. Ta yi ihun murna. Bai gaya mata wanda ya zo ba, bai ga abin faɗa a ciki ba. Wani abu dai ya ɗan sosa masa rai game da haƙurin da aka ba shi, amma ya ce ai Lawal ne, gobe zai ba shi amsa biyu a haɗe. Ga shi kuma masu yi masa kunyar doya suna jiransa a Agyaragu. Ya hau mota ya tafi, bai dawo ba sai da rana ta faɗi, a gajiye.

Washegari ya fito baranda bai ko ɗauko wayar ba. Ya zaɓi amsar da ta fi kowace, ya riƙe ta a baki yana jira. Rana ta ɗaga, mata suka gama ɗiban ruwa, yara suka wuce makaranta. Lawal bai biyo ba. Ta bayan masallaci ya zaga, hanyar da ta fi nisa kuma take da taɓo. Wanda ya zo maimakonsa shi ne Torkuma, maƙwabcinsu mai gyaran janareta, mutum mai son a san yana da ra'ayi. Ya durƙusa ya gaida Iorchia da wani sabon ladabi.

"Baba, yu du wel, ka yi daidai," ya ce. "Duk unguwa an ji. Ko kallon shi ba ka yi ba. Haka ya kamata, lokacin wasa da mutanen nan ya wuce."

Iorchia ya dube shi. "Me aka ji?"

"Yadda ka shanya Alhaji mana. Ya zo yana neman saniya a gidan da aka yi rashi, ka nuna mishi iyakanshi ba tare da ka buɗe baki ba. Har a coci ana maganan."

"Kai, ba haka ba ne. Magani nake yi. Doose ta ce in zauna in bi numfashi, kada in amsa kowa."

Torkuma ya yi murmushin wanda aka ba sirri. "Eh, Baba, numfashi. Mu ma in an tambaye mu haka za mu ce."

Ran Iorchia ya ɓaci ƙwarai, ya kore shi. Ursula tana bakin ƙofa ta ji komai. Ita ma a coci ta fara jin labarin, ta ɗauka ƙarin gishirin mata ne. Ta tambaye shi ko da gaske mutumin nan ya kira sunansa bai amsa ba. Ya ce da gaske ne. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa tukunyar da ta ƙone.

"Baban Doose, saka rigarka ka tafi yanzu. Kada ka tsaya shan koko."

Shagon Lawal yana warin taki da maganin ciyawa, buhuna jibge har rufi. Lokacin shuka ne, manoma sun cika gaban kanta. Da Lawal ya hango shi sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi masa ba. Ya fito da kujerarsa ta roba, ya kaɗe ta da hannun riga, ya ajiye masa.

"Sannu da zuwa, Malam Iorchia. Ya jiki? Ya iyali? Ya Madam? Na ji abin da ya faru a kasuwa, Allah ya ƙara sauƙi."

Malam Iorchia. Tun da suke, Lawal bai taɓa kiransa da wani suna mai mutunci ba. Iorchia ya ƙi zama a kujerar.

"Lawal, ka tsaya in gaya maka."

"Ni ya kamata in zo," in ji Lawal. "Na yi kuskure, na yi gaggawa. Ban duba halin da kuke ciki ba. Ka yafe mini."

"Wane kuskure? Babu kuskure. Ni ne ina yin abin da yarinyan nan ya koya mini."

Ya shiga bayani. Ya faɗi asibiti da hawan jini, ya faɗi Doose da wayarta, ya faɗi barci da yadda aka ce ya bar ido a buɗe. Da ya ga maganar ba ta zauna ba, sai ya zauna a kan buhun taki ya nuna. Ya miƙe baya, ya ɗora hannu a gwiwa, ya sauke ido, ya ja iska da ƙarfi ta hanci har ƙurar taki ta sa shi tari. Manoman da suke jira suka zuba ido suna kallon dattijo mai furfura yana koya wa mai shago numfashi. Wata mata ta rufe baki da gefen zani.

"Ka gani? Haka nake. Ya ce ko wa ya kira ni kar in amsa. Kullum ina faɗuwa, sai jiya na ce sai na ci. Wallahi da na ji muryanka daɗi ya kama ni. Amsa yana bakina."

Lawal ya saurara har ƙarshe. Ya san Iorchia ba ya ƙarya, kuma ko maƙaryaci ba zai ƙirƙiro abu mara kan gado irin wannan ba. Ya sauke ajiyar zuciya, har ya ɗan yi murmushi.

"Na yarda," ya ce. "Wallahi na yarda. Alhamdu lillahi da ba fushi kake yi ba. Jiya ko abinci ban iya ci ba."

"To shi ke nan. Gobe ka biyo ta layi, ka tambaye ni."

Lawal ya koma bakin kanta. Ya sallami wani mai sayen maganin feshi, ya gaya masa yawan ruwan da zai zuba, sannan ya dawo ya tsuguna kusa da buhun, ya rage murya yadda su biyu kawai za su ji.

"Ka san abin da ya same ni jiya? Da na faɗa ba ka amsa ba, sai maganar ta tsaya a wurin, na ji ta da kunnena. Bafulatani tsaye a ƙofar gidan da aka kashe musu yaro, yana kiran mai gida ɓarawo, yana neman saniya. Duk shekarun nan, kafin in rufe baki ka riga ka amsa, ana dariya. Ban taɓa jin ta ita kaɗai ba sai jiya. Kunya ta kama ni, Iorchia. Har yanzu ba ta sake ni ba."

"Wasa ne. Wasan kakanni."

"Na sani."

"To ka tambaye ni yanzu. A nan. Tambaye ni ka ji abin da zan ce."

Lawal ya miƙe. Ya yi niyya, an ga alamar haka, don har ya ja numfashi ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan wasu mata biyu 'yan Tibi da suke tsaye a gaban kanta da goyo, suna jiran a auna musu taki, suna kallonsa. Bakin ya tsaya a buɗe na ɗan lokaci.

"Me za a kawo maka?" ya ce. "Lemo ko ruwa?"

Iorchia ya ce ruwa. Aka kawo, ya sha, suka yi hirar farashin doya da ruwan sama da ya yi jinkiri. Lawal ya rako shi har bakin titi, ya tare masa Keke Napep, ya ce a gaida Madam. Duk abin da ake yi wa baƙo mai daraja an yi masa.

A gida Ursula ta tambaya ko sun shirya. Ya ce sun shirya. Ta ce to me ya sa fuskarsa haka. Ya ce rana ce. Da Doose ta bugo da yamma, ya yi niyyar ya gaya mata, sai ya ji yadda take murna da shi, ya bari. Me zai ce mata? Yarinyar ta faɗi abin da ta sani, shi kuma ya bi.

Ya so ya watsar da zaman. Ursula ce ta hana, ta ce bai isa ya yi asara biyu ba. Abin haushin kuma shi ne zaman yana aiki. Da ya koma asibiti aka ɗaura masa abin awo a hannu, nas ta duba ta sake dubawa, ta ce jinin ya sauka, duk abin da yake yi ya ci gaba. Yana barci sosai. Idan Terfa ya zo masa a tsakiyar zama, yakan ji zafin, ya bar shi ya zauna, ya bar shi ya tafi. Torkuma har yau yana gaishe shi da wannan ladabin, shi kuma ya gaji da gyara masa labari.

Lawal ya dawo bin layin. Tun da ya san gaskiya babu dalilin shiga taɓo. Safiya ta farko Iorchia ya katse zamansa ya ɗaga kai ya dube shi, ya jira. Lawal ya ɗan rusuna. "Ina kwana, Malam Iorchia. Yi haƙuri, na katse ka. Ci gaba, ci gaba." Ya wuce. Safiya ta biyu ma haka. Iorchia zai iya gaishe shi, zai iya tsayar da shi su yi hira, kuma yakan yi. Abu ɗaya ne ba zai iya ba, don wanda ya ci ba ya tayar da zancen, in ya tayar ya zama wata magana dabam.

Daga baya Lawal ya ga cewa ko gaisuwar ma tana ɓata wa mara lafiya magani, sai ya daina. Idan ya shigo layi ya hango Iorchia a kujera, yakan rage tafiya, ya bi ta ɗaya gefen kwata, ya taka a hankali. Ya kuma ɗauki abin a matsayin aikinsa. Ya yi wa 'yan acaɓa magana su daina hon a ƙofar gidan da safe, suka daina, don Alhaji mutum ne da ake jin maganarsa. Wata safiya matan famfo suna gardama a kan layi, muryoyi sun tashi, Iorchia ya ga inuwar Lawal ta tsaya a ƙasa a gabansa. Ya kasa kunne. Inuwar ta ɗaga hannu wajen matan, ta nuna baranda, ta kai yatsa baki. Matan suka yi shiru, inuwar ta wuce.

Iorchia ya ce a ransa, na ji. Ya koma wurin iskar da take shiga hancinsa, ya bi ta har wayar ta yi ƙara. Yanzu ya iya zaman sosai. Babu mai katse shi.